Bulala Shida

Ni ne na soke kiran na ɗaya da na ƙarshe a makarantarmu. Duk wanda ya tambaye ni dalili sai in karanto masa abin da aka koya mana a wajen bita: wai yaro ya fi riƙe abin da ya nema da kansa, wai maki ba ya nuna abin da ke cikin kai. Gaskiya ne, ban musa ba. Amma ba shi ne dalilina ba. Dalilina wani tsoho ne, kuma na fi shekara talatin ina ƙullace da shi.

Mu biyu Babanmu ya turo daga ƙauyenmu na wajen Kwandiko zuwa gidan baffanmu a Birnin Kudu don mu yi firamare, ni da yayana. Yaya ya girme ni da shekara huɗu, amma aikin gona ya riƙe shi bai shiga da wuri ba, sai muka faɗa aji ɗaya. Shi ke ɗebo mana ruwan wanka, shi ke wanke mini kayan makaranta, in an zubo mana tuwo ya ture mini ɓangaren da miya ta fi yawa. Ni kuma abin da na iya kawai shi ne haddace duk abin da aka rubuta a allo.

A aji huɗu muka haɗu da Malam. Shi ne malamin ajinmu, shi ke koya mana lissafi, dogo ne mai ƙaramar murya, ba ya ɗaga ta sai ranar ba da sakamako. Yana da wata al'ada da ban taɓa gani a wurin kowa ba. Ranar hutu zai fito da mu gindin darbejiya, ya jera mu daga na ɗaya har na ƙarshe, sannan ya miƙa wa na ɗaya bulala ya ce ya yi wa na ƙarshe shida. Wai ta haka na ƙarshe zai ji haushi ya tashi, na ɗaya kuma ya san daɗin matsayinsa ya riƙe. Zango biyu ina zuwa na ɗaya, ina zane wani yaro ɗan mahauta wanda ko a jikinsa, ana dukansa yana yi wa aji gwalo. A zango na uku iyayensa suka tashi daga garin. A zangon ne kuma Baba ya kwanta ciwo da damina, Yaya ya koma gida ya yi noman fari da maimai, bai dawo ba sai ana saura kwana tara jarrabawa.

Da Malam ya kai ƙarshen takardarsa, sai ya kira sunan Yaya. Ya miƙo mini bulala. Na ce, "Malam, yayana ne."

Ya ce, "A gida. Nan na ƙarshe ne."

Na tsaya. Ya ce in na ƙi, ko na yi masa shafa-shafa, zai karɓa ya yi mana goma sha biyu-goma sha biyu da hannunsa. Yaya bai jira an ce masa komai ba, ya je ya dafa benci ya juya mini baya, bayan da ya sha goya ni in ƙafata ta gaji a hanyar tasha. Na ɗaga na sauke, aji na ƙirgawa da ƙarfi, har aka gama. Bai yi kuka ba. Washegari da safe ya ɗaure kayansa a ɗankwalin da Inna ta ba mu, ya hau motar Gwaram, kuma daga ranar bai sake taka harabar wata makarantar boko ba.

Ba gaba muke yi ba, kada a ce na ce. Yana gaishe ni, yana zuwa sunan 'ya'yana, lokacin da nake kwalejin horon malamai duk kaka sai ya aiko mini da gero. Amma bai ƙara sa hannu a kwano ɗaya da ni ba. In aka kawo abinci sai ya ce bai daɗe da ci ba, ko ya tashi duba akuya. 'Ya'yansa shida, biyar sun girma a Islamiyya da gona, ko ɗaya bai sa a boko ba. Saura autarsa mai shekara bakwai, yarinyar da ke bin bangon gida da gawayi tana kwaikwayon rubutun jikin buhun taki. Duk zuwana sai ta laluba aljihuna ko na zo da guntun alli. Sau uku ina roƙonsa ya ba ni ita, sau uku yana cewa, "Sai an gani." Ita nake so in ga ta zauna a benci, kuma duk ranar da na ga rubutunta a bango sai in ƙara tsine wa Malam a zuciyata.

Allah da ikonsa, sai ga shi an ba ni shugabancin wata makarantar al'umma a ƙasar Gwaram, ba nisa da ƙauyenmu, wadda mutanen gari suka gina da kansu. Ranar da aka gabatar da ni ga kwamitin iyaye, wa zan gani a kujerar shugaba? Malam. Ya yi ritaya ya dawo garinsu wajen Sara, jikokinsa uku suna makarantar. Ya tsufa, ya rankwafa, amma muryar nan tana nan. Ya kama hannuna ya ɗaga wa jama'a, ya ce, "Wannan ɗalibina ne, kullum shi ne na ɗaya. Ni na yi shi." Na durƙusa na gaishe shi kamar yadda ya kamata. Bai tambayi Yaya ba. Na yi ƙwafa a raina, na ce za mu haɗu.

Shekara biyu ina neman ta inda zan kama shi ban samu ba, sai aka kira mu bita a Birnin Kudu. Wata malama ce ta yi mana kwana uku tana bayanin yadda za a bar yara su zaɓi abin da suke son sani, su bincika da kansu, malami ya koma mai nuna hanya, a ƙarshen zango kuma su nuna wa iyaye abin da suka yi. Maimakon maki, malami ya rubuta wa kowane yaro abin da ya iya da abin da ya rage masa. Sauran shugabannin makarantu suna ta hamma suna jiran abincin rana. Ni kuwa abu ɗaya ya shiga kunnena ya zauna: babu na ɗaya, babu na ƙarshe. Na san abin da Malam ya gina rayuwarsa a kai ke nan, kuma na san ni zan rushe shi a gabansa.

Da na kai maganar gaban kwamiti Malam ya saurare ni har na gama, sannan ya ce makaranta ba maki kamar kasuwar hatsi ce ba mudu, kowa sai ya ce nasa ya fi yawa. Dattawa suka gyaɗa kai. Na ce mudu na hatsi ne, ni yara aka ba ni. Muka ja, muka ja, har limamin gari ya raba mu: a gwada zango ɗaya daga aji ɗaya zuwa biyar, a bar 'yan aji shida da jarrabawarsu tunda ita za ta kai su sakandare. Ranar hutu iyaye su zo su gani. In ba su gamsu ba, a koma yadda ake. Malam ya ce, "Ba komai. Ni zan zo da kaina in kira sunaye ranar, in tuna maka yadda ake yi."

Makonnin farko sai da na yi da na sani. 'Yan aji uku suka ce su abin da suke son sani shi ne wa ya fi gudu tsakanin jakin mai unguwa da na mai ruwa. Malamaina suka zauna suna kallona, sun ce tunda yara ne ke jagora su me ya rage musu. Wata uwa ta zo har ofis da takardar da muka rubuta wa 'yarta a tsakiyar zango, ta ce a karanta mata. Na karanta: ta iya karanta wasiƙa ita kaɗai, tana taimakon na kusa da ita, amma har yanzu tana tsoron lissafin rabawa. Ta ce, "Madalla. To ta nawa ta zo?" Na ce babu. Ta ce, "Ko a raɗe ne gaya mini, Malam, ubanta ya yi mata alkawarin kaza." Na ce a yanka mata kazar. Ta yi tsaki ta fita.

'Yan aji biyar ne suka cece ni. Makarantar na da gona a bayan katanga, kuma bara geron da aka zuba a ɗakin ajiya ɓera ya yi masa kaca-kaca. Suka ce su rumbu za su gina, su ga yadda ake yi, su san abin da zai ci. Na ce su tambayi gari wa ya iya. Suka dawo da amsa ɗaya daga kowane gida: yayan shugaban makaranta, babu mai gina rumbun ƙasa kamarsa a yankin nan. Ban aika masa ba, don na san abin da zai ce mini. Su da kansu suka tafi ranar Asabar, su goma sha wani abu, a ƙasa. Ya ba su fura, ya saurare su, ya ce zai zo da sharaɗi ɗaya, a bayan katanga za a yi ginin, shi ba zai shiga ciki ba.

Haka aka yi. Yana zuwa da hantsi a kan kekensa ta hanyar gona. Ya sa suka jera duwatsu don gara da danshi, suka kwaɓa ƙasa da ciyawa da ƙafafunsu, kullum a ɗora zobe ɗaya ko biyu a bar shi ya sha iska. Ba ya tsawa. In yaro ya karkatar da gini sai ya ce, "Ja da baya ka duba." Ina leƙensu ta kan katanga ina jin daɗi da haushi a haɗe, don mutumin da aka ce shi ne na ƙarshe ya fi duk malamaina iya koyarwa. Wata rana na ji yara sun tambaye shi dami nawa rumbun zai ci. Ya zura hannu ciki, ya auna da kamu, ya ce ya sani amma ba zai faɗa ba, su yi nasu lissafin sai ranar zubi. A nan tsaye na ga yadda zan yi da Malam.

Ranar hutu na sa aka fitar da bencuna da allo zuwa bayan katanga, kusa da rumbu. Na ce wai don inuwa ne. Iyaye suka cika wurin, mata a gefe guda, maza a gefe guda. Ƙananan azuzuwa suka nuna nasu, har da masu jakuna, waɗanda suka auna filin da igiya suka gano na mai ruwa ne ya fi gudu, abin da bai yi wa mai unguwa daɗi ba. Sannan aka zo kan rumbu. Ga damman gero a jibge. Yaya na tsugune can gefe yana gyara jinkar da za a kifa a kai. Malam na kan kujera a gaba, sanye da farar riga, da wata doguwar takarda a hannu. Ashe ya bi malamai ya tattara makin gwaje-gwajen da suke yi a ɓoye, ya jera sunaye da kansa.

Na miƙe na ce, "Jama'a, muna da sa'a yau. Gwanin lissafin da ya koya mini yana tare da mu. Malam, kafin yara su faɗi nasu, a taimaka mana, dami nawa rumbun nan zai ci?"

Ya ji daɗi, wallahi sai da ya yi murmushi. Ya tashi da sandarsa, ya karɓi tef ɗin awo, ya zagaya rumbun ya auna faɗinsa da tsayinsa, ya auna dami ɗaya. Ina tsaye ina kallo ya auna ta waje, bai cire kaurin bango ba, bai kuma lura da yadda wuyan ya tsuke ba. Kalma ɗaya ta isa in gyara masa. Na haɗe hannuwa a baya na yi gum. Ya ɗauki alli, ya cika allon da lambobi, ya ja layi biyu a ƙasa kamar yadda yake yi mana. Ya ce talatin da ɗaya.

Na juya na ce, "Yaya, kai fa?"

Bai ɗago ba. Ya ce, "Ashirin da uku, in an jera da kyau."

Yara suka faɗi nasu, wasu ashirin da biyu, wasu ashirin da biyar. Aka ɗora wata yarinya mai ƙaramin jiki ta shiga ciki, ana kwance dami ana miƙa mata tana jerawa, sauran suna ƙirgawa da ƙarfi. Da na ji muryoyin nan sun haɗu suna ƙirge, sai gindin darbejiya ya dawo mini. Goma sha takwas, goma sha tara. A ashirin yarinyar ta fito don babu wurin tsayawa, aka ci gaba ta sama. A ashirin da uku gero ya zo daidai da baki. Aka gwada na ashirin da huɗu, ko rabinsa bai shiga ba. Wurin ya ɗauki tafi, mata suna guɗa, lissafin Malam na nan a allo kowa na gani.

Ya kamata in tsaya a nan. Ban tsaya ba. Na ɗaga hannu aka yi shiru, na ce, "Malam ya ce yau sai an kira na ɗaya da na ƙarshe, kuma ba na saɓa wa malamina. A lissafin rumbu, na ɗaya shi ne yayana, wanda ya bar makaranta a aji huɗu a hannun Malam. Na ƙarshe kuwa, ga allo nan." Sannan na dube shi ido cikin ido na ce, "Malam, tuna mana, a ajinka me ake yi wa na ƙarshe?"

Liman ya sunkuyar da kai. Malam ya ajiye allin a kan benci, ya kakkaɓe yatsunsa a hankali, ya ce, "Bulala shida. Ai ka fi kowa sani, kai kake yi." Ya ninke takardarsa ya sa a aljihu, ya ɗauki sandarsa ya bi hanyar gona, jikarsa ta bi shi da kujerar.

Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi. Na ji wani sanyi ya sauka a ƙirjina wanda rabona da shi tun ina aji huɗu. Kwamiti ya zauna a nan take ba shugaba, aka amince a ci gaba da sabon tsarin. Wasu dattawa sun ƙi ba ni hannu da za su tafi, na ce oho. Ni dai na karɓa wa Yaya haƙƙinsa a gaban gari, kuma a ganina babu sauran abin da zai hana shi ba ni yarinyar.

Da jama'a suka watse na same shi shi kaɗai ya kifa jinkar yana ɗaure ta. Na ce, "Yaya, ka ga yadda ya tafi? Yau na rama maka."

Ya ja igiya ya ƙulle. Ya ce, "Da na san abin da ka kira tsohon nan ka yi masa ke nan, da na ce talatin da ɗaya."

Na ce, "Haba Yaya. Mutumin da ya sa aka yi maka bulala shida a gaban yara?"

Sai a lokacin ya juyo ya dube ni. Ya ce, "Shida ya ce. Bakwai ka yi."

Har zan ce ƙarya ne, sai na tuna. Aji sun ce shida, sun fara tafi, suna kiran sunana. Hannuna na sama. Babu wanda ya sa ni, Malam ma ya riga ya miƙo hannu zai karɓi bulalar. Daɗin tafin ne ya ɗebe ni na ƙara ɗaya, kuma ita ce ta fi sauran ƙarfi. Shekara talatin da wani abu ina ba da labarin nan, a kwaleji, a wajen bita, a gaban matata, kullum shida nake cewa.

Ya ce, "Shidan nan na Malam ne, na daɗe da yafe masa, aikinsa yake yi yadda ya iya. Ɗayar ce na rasa inda zan ajiye."

Na ce ya yafe mini. Ya ce ya ji. Ya kakkaɓe rigarsa, ya ɗago kekensa daga jikin katanga. Na riƙe kan keken na ce, "To auta fa?"

Ya ce, "Zan sa ta. Na ga yaran nan, na ga abin da nake hana ta. Bayan hutu zan kai ta firamaren gwamnati ta wajenmu."

Na ce, "Yaya, can har gobe ana kiran na ɗaya da na ƙarshe. Nan ne aka daina. Ni na hana."

Ya ce, "Na sani. Can babu kai."

Ya cire hannuna daga kan keken, ba da ƙarfi ba, ya hau ya bi hanyar gona.

Yarinyar tana aji uku yanzu. Zangon da ya wuce ta zo ta goma sha ɗaya, ta kawo mini katin da gudu in gani, na sa mata albarka. Rumbun na nan a bayan katangarmu, duk kaka 'yan aji biyar suna cika shi. Ranar sallar da ta wuce na je gidan Yaya, aka kawo tuwo a kwano ɗaya, na wanke hannu na jira. Ya ce in ci, shi bai daɗe da ci ba.